Kunne da Agogon Motar Auta

Abu biyu Kunne yake yi wa kowace mota kafin ya ce uffan. Na farko, ya sa a tayar da ita, ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a bayan kunnensa, ya rufe ido. Daga nan ya sami sunan, har mutane da yawa ba su san yana da wani ba. Na biyu, ya sa a kashe, ya zaro sifana mai lamba goma daga aljihun gaba, ya cire kan batir, ya naɗe bakin wayar da tsumma. Ko ƙwan fitila aka zo canzawa sai ya yi haka. Shekara talatin da huɗu ina kai masa mota, ban taɓa ganin ya tsallake ko ɗaya ba.

Dalilin na biyun yana hannunsa na hagu: tabon ƙuna ne daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Yana shekara ta huɗu da fara koyon aiki, ƙarfen da yake riƙe da shi ya taɓa wayar wuta a daidai lokacin da fetur yake ɗiga. Ya ce maigidansa bai yi masa faɗa ba. Sai da ya gama ɗaure masa hannun sannan ya ɗauko sifana ya sa masa a aljihu, ya ce daga yau da wannan zai riƙa farawa. Ita ce a aljihunsa har yanzu. Lambar da ke jikinta ta goge, amma ya san ta.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa. Duk motar da zai gwada sai ya ja kujera gaba har ƙarshe, yana mitar cewa masu ƙera mota dogaye kaɗai suka sani. Garejinsa rumfar kwano ce mai rami ɗaya da aka rufe rabinsa da katako. Masu jira suna zama a kan kujerar baya ta wata tsohuwar mota da aka jingine da bango. A saman kujerar akwai kanta, a kan kantar akwai kafireta goma sha tara a jere, wato na'urar da take haɗa fetur da iska a motocin da. Duk ya wanke su, duk suna aiki. Rabon da wani ya nemi ɗaya an fi shekara goma sha biyar.

Lokacin da na fara zuwa wurinsa ina sabon malami, da motata ta farko wadda na saya a hannu. Doguwar gaba gare ta, bamba na ƙarfe, in aka ɗaga bonet kana iya hango ƙasa ta gefen injin. Na zo da littafin motar, na buɗe shafi, na nuna masa abin da nake zaton ya lalace. Ya dubi littafin, ya dube ni.

"Malam, kai ka karanta. Ita ba ta karanta ba. Tayar mini da ita."

Ya saurara kamar minti ɗaya, ya juya wani ɗan ƙusa rabin zagaye, rawar da injin yake yi ta tsaya. Tun daga ranar yake ce mini Mai Biro.

'Yata ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, tana da shekara biyar na fara zuwa da ita. A bayan rumfar akwai wata mota da ba taya, ba gilashi. Nan take shiga ta kama sitiyari, ba a jin ta sai an zo tafiya. Kunne ya sa mata Direba, ita kuma tana ce masa Kawu. Haka suka ci gaba har ta girma.

Motoci sun yi ta canzawa a hannunsa, kuma babu canjin da ya zo masa da sallama. Ranar da aka fara kawo masa mota marar kafireta ina wurin. Ya yi rabin awa yana leƙe, ya shiga rami ya fito, sannan ya tambayi mai ita, cikin ladabi, ko ya bar ta a wani wuri da bai yarda da shi ba, don an cire mata abu. Mai motar ya ce haka aka ƙera ta. Kunne ya ce to ta ina take shan mai? Babu wanda ya sani a cikinmu. Ya sayi irin injin da ya mutu, ya wargaza shi a kan buhu, ya yi wata biyu a kansa har ya gane.

Bayan nan aka daina sa dalma a fetur. Babu wanda ya gaya masa. Shi dai ya saba duba bakin salansa: in ya ga toka-toka, injin lafiya, in ya ga baƙi, akwai magana. Sai ga shi cikin 'yan watanni duk salansar da ya duba baƙa ce, har da ta motocin da shi ya gyara da hannunsa. Ya gaya mini ya yi sati yana zaton idonsa ne ya fara mutuwa. Daga baya aka rufe injuna da murfin roba, aka sa wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba wadda take kamawa ko da injin yana tafiya sumul. Ya saurara, bai ji komai ba, fitila kuma ta ce akwai. A ƙarshe ya ba wani mai gyaran wutar mota rabin rumfar, mutum mai fara'a da ake kira Mai Waya, wanda yake da kwamfutar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Suna zaune lafiya, sai dai Kunne bai taɓa tambayarsa komai a gaban mutane ba. Da aka fara kawo motoci masu tukunyar iskar gas a cikin but, wurin kaya na baya, ya zagaya ta farkon sau biyu, ya ce shi bai san ko gyara zai yi ba ko girki.

Auta ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta kama aiki, ta sayi mota irin mai haɗa fetur da lantarki, wadda a ƙaramin gudu injinta yake yin shiru batir ya ja ta. Ranar da ta fara kai ta garejin ina gefenta. Kunne yana tsugune ya ba mu baya, yana wanke wani ƙarfe a kwano. Ta silalo har taku biyu a bayansa, sannan ta danna hon. Kwano ya yi gabas, shi ya yi yamma.

"Direba! Kashe ni za ki yi? Turo ta kuka yi?"

"A tashe take, Kawu."

Ya ɗauko sukudireba, ya ɗora, ya rufe ido. Ya canza wuri. Ya sake canzawa.

"Wannan barci take yi."

"Ai ita ma ta tsufa. Nan da shekara goma babu fetur sam, caji kawai kamar waya. Nan da ashirin ko sitiyari babu, ka shiga ka gaya mata inda za ka."

"In ta kai ni inda ban ce ba, wa zan zaga?"

"Akwai ma wadda ake gwadawa, ruwa ne kaɗai yake fita ta salansarta."

"Ruwa a salansa? Gaskit ɗin injin ne ya ƙone. Ki ce su kawo ta."

Ta yi dariya har ta kifa kai a sitiyari. Shi bai yi ba. Ya goge bakin sukudireban da rigarsa ya ce, "Wadda ba ta sha, ba ta tari, ba ta gumi, ta ina za ta gaya mini inda yake mata ciwo?"

"Za ta rubuto maka."

"Ta rubuta wa ubanki. Shi ne mai biro."

Ta tuƙa motar shekara uku da wata biyu. Ta rasu tana da shekara ashirin da tara, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Kunne ya zo gaisuwa, ya zauna a tsakar gida, ya yi addu'a. Na lura idonsa yana kan motar, inda ta ajiye ta a ƙarƙashin rumfa, tayar gaba a ɗan karkace.

Ban matsar da ita ba, ban kuma taɓa kujerar direba ba. Auta gajera ce, kujerar tana can gaba, ni kuma ba zan shiga ba sai na ja ta baya. Abin da nake yi shi ne, duk Asabar da safe in buɗe ɗaya ƙofar in zauna, in miƙa hannu in danna madannin tayarwa. Tunda ba na taka birki, motar ba ta tashi, allon gaba ne kawai yake kamawa. Abu huɗu nake dubawa. Tashar rediyon da ta bari. Ƙarar rediyon, a kan ashirin da uku, wadda na sha ce mata za ta kashe mata kunne. Ma'aunin tafiya, kilomita ɗari huɗu da goma sha biyu da ɗigo shida tun ranar da ta mayar da shi sifili. Sai agogo, wanda ta sa gaba da minti bakwai tun satin farko don kada ta makara aiki. Na taɓa ce mata wanda ya san agogonsa yana gaba ai zai riƙa ragewa a ransa. Ta ce, "Baba, da safe ba na iya lissafi."

Nakan zauna minti goma in kashe. Ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarta, wadda ba ta ko bi ta gefen rumfar. Ban kuma san cewa abin da nake yi yana zuƙe ƙaramin batirin motar ba tare da yana mayar masa da komai ba.

A wata na biyar allon ya fara dusashewa. Asabar ta gaba ya kama, ya ɗauke, ya sake kamawa da ƙyar. Na kira Kunne. Ya zo da hantsi da akwatin kayan aikinsa da sabon batir a bayan babur. Ya tsaya a gaban motar da sukudireba a hannu, ya daɗe, sannan ya mayar da shi akwati. Babu abin saurare. Ya ɗaga bonet, ya duba dama, ya duba hagu.

"Mai Biro, ina batirin?"

"Ni kake tambaya?"

Ya yi tsaki, ya kira Mai Waya. Aka ce masa yana cikin but, a gefen dama, bayan wani murfi. Ya kashe wayar ba tare da ya gaya masa abin da zai yi ba, yana mita yana cewa wai batir a but, gobe kuma sai a sa injin a kan rufi.

Ni na riƙe masa murfin. Ina kallo ya zaro sifana mai lamba goma, ya kwance wayar, ya naɗe bakinta da tsumma. Na ga wannan ya fi sau ɗari. Babu abin da ya zo mini a rai. Ya cire tsohon, ya sa sabon, ya ɗaure. Na duba agogon hannuna don al'adata ce: sha ɗaya saura minti takwas.

Na zagaya na zauna a wurina na danna. Allon ya kama da haske sosai. Agogo ya nuna sha biyu daidai. Rediyo yana shuu, babu tasha. Ƙara a kan goma. Ma'aunin tafiya, sifili da ɗigo sifili.

Na kashe na sake dannawa. Haka dai.

"Ta kama ko?" in ji Kunne daga baya, yana goge hannu.

"Ina agogon?"

"Ga shi nan yana ci."

"Ba shi ba ne."

Ya leƙo ta taga. Na yi masa bayani, ɗaya bayan ɗaya, abu huɗun. Ina jin muryata kamar ina karanta wa aji. Yana kallon allon, yana kallona.

"Ban taɓa nan ba. Wallahi ko ƙofar nan ban buɗe ba. A baya nake, kana gani."

"Na sani."

"To ina suka tafi?"

"Ban sani ba."

"Mota ce fa, Malam. Ƙarfe ne. Me za ta manta?"

Ya sake kiran Mai Waya, wannan karon ya ce ya zo. Da ya iso ya ji abin da aka yi, sai ya zaro wani ɗan akwati daga jakarsa, bai kai tafin hannu ba, mai igiya. Ya ce irin waɗannan abubuwan wutar batir ce take riƙe da su, ko da kuwa ta yi rauni. Kafin a cire batir ana jona wannan a ƙarƙashin sitiyari ya riƙe wutar. Aikin minti biyu ne.

"Baba, da ka tambaye ni," ya ce wa Kunne.

"Na tambaye ka inda batir yake."

"Ai ba ka ce cirewa za ka yi ba."

"To me ake yi da batir in an same shi? Gaishe shi?"

Na tambaya ko za a iya dawo da su. Mai Waya ya ce agogo da tasha da ƙara ai yanzu zai saita mini, in gaya masa yadda suke. Ma'aunin tafiya ne ba ya dawowa. Ya miƙa hannu zai taɓa allon, na ce ya bari. Ya ce ba wuya fa. Na ce na sani, amma ita ce ta sa su.

Kafin ya tafi Mai Waya ya ce mini abu ɗaya: dole a riƙa tayar da motar sosai ana fita da ita, ko rabin awa ne a sati, in ba haka ba sabon batirin ma zai bi tsohon. Kunne ya kwashe kayansa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya zaro sifanar daga aljihu, ya juya ta a hannu, ya mayar.

"Shekara hamsin da wannan nake hana wuta ta ci mota," ya ce. Ban san ko da ni yake ba.

Ban ji haushinsa ba, kuma ban iya kiransa in gaya masa haka ba. Na kasa sanin wanda ya yi kuskuren. Shi ya yi abin da ya dace da kowace motar da ya sani. Ni na kashe batirin da zaman da nake yi, kuma ni na riƙe murfi.

Bayan kwana uku ya dawo da safe, babu akwati, sai tocila. Ya ce in buɗe masa ƙofar direba. Bai shiga ba. Ya durƙusa a ƙasa ya haska wurin ƙafa, ya ce in durƙuso.

"Dubi robar birki. Ina ta ci?"

"Gefen dama."

"Gefe kawai. Tsakiya sabuwa fil. Da bakin takalmi take takawa, dunduniya tana wajen totur, don kada ta ɓata lokaci. Sau nawa na ce mata ta ɗora ƙafa gaba ɗaya? Dubi sitiyari." Ya haska sama ta hagu, inda fatar ta yi santsi kamar faɗin hannu. "Hannu ɗaya. Ɗayan yana kan rediyo. Zo nan."

Ya kai ni tayar gaba ta dama. Bakin ƙarfen tayar duk ƙarzuwa ne, tsohuwa a kan tsohuwa.

"Ba ta taɓa ajiye mota ba ta gogi dakali ba. Tun tana koyo. Na ce Direba, titin nan bai yi miki komai ba." Ya bi ƙarzuwar da babban yatsa. "Wannan dai ba ya cikin batir. Na duba, babu wayar da ta zo nan."

Sai ya haska ta tsakanin ƙarfen tayar, ya matsa kusa.

"Amma ga abin da ban gane ba. Robar ta ci, takalmin birkin da ke cikin taya kuma kamar jiya aka sa. Shekara uku. To me take takawa? Me yake tsayar da motar?"

Na ce ban sani ba. Daga baya Mai Waya ya ce a irin wannan motar lantarki ne yake yin yawancin tsayarwar, har ma yana mayar da wuta cikin batir. Kunne ya saurare shi har ƙarshe, ya ce wato birki ne yake ba da wuta, batir yana but, injin yana barci. Ya ce to madalla.

A ranar dai, da ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce ya ji abin da aka ce game da fita da ita duk sati. Na ce na ji, amma sai an ja kujera baya. Ya dubi kujerar, ya dubi ƙafafunsa.

"Wa ya ce?"

Ya nemi izini da ido. Na ɗaga kai. Ya kakkaɓe wandonsa, ya shiga a hankali ba tare da ya dafa komai ba. Ƙafarsa ta sauka a kan birki daidai. Ya ce wannan ce mota ta farko a rayuwarsa da ya shiga bai ja kujera ba.

Yanzu duk Asabar da safe yana zuwa. Shi yake tuƙi, ni ina wurina. Agogon ban saita shi ba. Yana gaba da awa ɗaya da minti takwas, yana ƙirga daga lokacin da aka ɗaura batir. Wani lokaci ina ganin ya kamata in mayar da shi minti bakwai, wani lokaci ina ganin in sa shi daidai, har yau ban yanke ba. Mai Waya ya gaya mini a gareji Kunne bai daina cire kan batir ba, sai dai yanzu kafin ya sa sifana yakan juyo ya tambayi mai mota, "Akwai abin da take tunawa?" Yawancinsu ba su gane tambayar ba. Shi ma ba ya bayani.

Muna fita daga layinmu motar ba ta ƙara, sai kukan taya a kan tsakuwa. Kunne yana tuƙi da kansa a karkace, kunne ɗaya wajen gaba, fuskarsa a ɗaure. Haka muke wuce kantin magani, mu wuce makarantar firamare. Daga nan akwai wani ɗan hawa kafin babban titi. A tsakiyar hawan injin fetur yakan farka da kansa, motar ta ɗan girgiza.

"Yauwa," yakan ce. "Ga ta nan."